Tiyatar ƙirji: ya ce shi kaɗai zai je, ya kwana uku ya dawo

Anti, barka da aiki. Shekarata 27. An haife ni da jikin mace, amma tun ina ƙarami na san ni namiji ne, kuma shekara shida ke nan ina rayuwa a haka. Kullum sai na ɗaure ƙirjina kafin in fita, wani lokaci tun safe har dare, yanzu haƙarƙarina da bayana ciwo suke yi. Na daɗe ina tara kuɗi, kuma na samu wani likita a gari mai nisa da ya ce zai yi min tiyata ya mayar da ƙirjin irin na maza. Sau ɗaya muka yi magana ta waya, ya ce in tura kafin alƙalami ya ba ni rana nan da wata guda. Ni dai irin tiyatar da ba ta barin dogon tabo nake so, na ga hotunanta a intanet. Ina shan sigari amma ba da yawa ba, kara uku zuwa huɗu a rana. Ban san ko wannan yana da muhimmanci ba, inda aka huda min kunne ya yi wani tudu mai tauri da ya ƙi bajewa, sannan ƙanwar mahaifiyata ta yi kansar mama. Niyyata in je ni kaɗai, in kwana uku in dawo bakin aiki, don ba na son kowa ya sani. Ba tambaya nake ko in yi ko kada in yi ba, wannan na gama yanke shawara. Yadda zan shirya nake so ki faɗa min.

Wani ƙanenki

Ƙanena, na ji, kuma ba zan ja da kai a kan abin da ka ce ka gama ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tun da shiri ka tambaya, gaskiya wannan da ka zayyana bai kai shiri ba tukuna. Abubuwan da ka jefo a ƙarshen wasiƙar kamar ba komai ba, wato sigari da kunne da ƙanwar mamanka, su ne likitan kirki zai fara tsayawa a kansu. Ni ba likitar tiyata ba ce, ko da ni ce ma ba a duba ƙirji ta wasiƙa. Abin da zan iya shi ne in gaya maka abin da za ka tarar, da abin da za ka tambaya.

Zan fara da zuwa kai kaɗai, don shi ya fi tayar min da hankali.

Na taɓa zaman jinyar wani da aka yi wa wannan aikin. An fito da shi da riga mai matse ƙirji, da siraran tiyo biyu da suka fito ta gefen haƙarƙarinsa, kowane da 'yar roba a ƙarshe kamar ƙwan fitila, inda jini da ruwan ciwo ke taruwa. Safe da yamma sai an buɗe robar an zubar, an duba mililita nawa ta tara an rubuta a takarda, an matse ta kafin a rufe don ta ci gaba da zuƙa. Ranar farko ja ne wur, a hankali ya koma ruwa-ruwa, daga baya ya yi rawaya. Da wannan takardar likita ya san ranar da zai cire tiyon. Shi kuwa mai ciwon, gwiwar hannunsa manne take da jikinsa, don an hana shi ɗaga hannu sama da kafaɗa. Kwana na biyu na fita na minti goma, na dawo na same shi tsaye gaban kanta yana kallon kofi, ƙishi na damunsa, hannu ya ƙi kaiwa. Tashi daga gado ma sai na tallabo bayansa, domin ba a so ya dogara da hannuwansa ya tura jiki. Mutum ne mai ƙarfi da ba ya son a yi masa komai, amma a makon nan murfin kwalbar magani sai da ya gagare shi.

Wannan fa idan komai ya tafi lafiya ke nan. Matsalar da aka fi gani bayan irin wannan tiyata ita ce jini ya taru a ƙarƙashin fata, kuma yawanci a kwana ɗaya ko biyu na farko take zuwa. Gefe ɗaya zai kumbura da sauri, ya yi tauri, ya fi ɗayan ciwo, wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata an kwashe. Idan haka ta faru da tsakar dare kana ɗakin otal kai kaɗai, maganin barci bai gama sakinka ba, wa zai lura, wa zai kai ka? Shi ya sa asibitoci da yawa ba sa sallamar wanda aka sa wa maganin barci sai da babban mutum da zai tafi da shi ya kwana tare da shi na aƙalla awa 24. Likitan da ya ji ka ce kai kaɗai za ka zo bai ce uffan ba, ka sa masa alamar tambaya.

Kwana uku kuma ka cire shi daga lissafi. Tiyon nan kan kai kusan mako guda kafin a cire. Idan an yi dashen kan nono, wato an ciro shi an sake dasa shi, audugar da ake ɗinkewa a kai don ta danne shi ita ma sai bayan kwana biyar zuwa bakwai ake kwance ta. Ya kamata kana kusa da wanda ya yi aikin har zuwa wannan dubawa ta farko. Doguwar tafiya a zaune jim kaɗan bayan tiyata, a mota ko a jirgi, tana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafa. Mai aikin zama kan koma bayan mako ɗaya zuwa biyu, mai aikin ƙarfi ko ɗaukar kaya sai mako huɗu zuwa shida. Ba ka gaya min aikinka ba, sai ka auna da kanka.

Na fahimci dalilin ɓoyewar, ban kuma ɗauke shi wasa ba. Akwai inda bayyanar irin wannan magana kan jawo wa mutum rasa aiki ko muhalli, ko abin da ya fi haka, kuma doka a kan wannan tiyata ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har a cikin ƙasa ɗaya. Ka bincika matsayinta a inda kake da inda za ka. Ban ce ka yi shela ba. A wurin aiki "za a yi min tiyata, likita ya ba ni hutu" ta wadatar. Amma mutum ɗaya dole ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle kai da za a ɗaure maka duka biyun. A shekara shidan nan ai akwai wanda ya san ka a yadda kake bai guje ka ba. Shi za ka nema. Idan har babu ko ɗaya, to neman wannan mutumin shi ne aikinka na farko, kafin neman rana.

Yanzu hotunan da ka gani. Tiyatar da ba ta barin dogon tabo gaskiya ce, akwai ta, iri biyu ma. Ɗaya ana ɗan yanka a gefen baƙin da ya kewaye kan nono a zaro naman ta nan, ɗayar kuma ana yanka zagaye a rage fata kaɗan a tattare. Sai dai duka biyun na masu ƙaramin nono ne ƙwarai, waɗanda fatarsu ke da danƙo, za ta iya komawa ta kwanta da kanta. Wanda nasa ke da girma, ko ya sauko, ko fatar ta saki, idan aka yi masa wannan sai ya tashi da fata tana reto, ya koma neman gyara. Shekara shida kana ɗauri, shi ma yana rage danƙon fata. Abin da aka fi yi wa yawancin mutane shi ne yanka biyu a kwance, ɗaya a kowane gefe, a bi ƙasan tsokar ƙirji, a cire nama da rarar fata, a ciro kan nonon a rage shi a dasa a inda na maza yake zama. Wannan ya fi ba da shafaffen ƙirji, amma tabonsa dogo ne kuma ba ya ɓacewa, dusashewa kawai yake yi. Wanda ya dace da kai jikinka ne zai faɗa, bayan likita ya gani ya taɓa ya auna. Shi ya sa ban gane yadda aka ba ka rana ta waya ba.

Kuma ka san yadda hotunan intanet suke: wanda nasa ya yi kyau shi ke sakawa, a haske mai kyau, bayan shekara. Ka roƙi likitan ya nuna maka aikin hannunsa a kan masu irin jikinka da irin launin fatarka, har da waɗanda ba su fito yadda ake so ba.

Wannan ya kawo mu kan kunnenka, kuma ka yi kyau da ka faɗa. Tudun nan mai tauri da ya ƙi bajewa yana iya zama abin da likitoci ke kira kiloyid, tabon da ba ya tsayawa iyakar ciwo, sai ya ci gaba da tsiro ya haye lafiyayyar fata, da ƙaiƙayi, wani lokaci da zafi. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana bin jini a wasu gidaje, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne da kafaɗa da saman baya da tsakiyar ƙirji. Ka ga ke nan inda za a yanka yana cikin unguwarsa. Akwai wani tabon mai kama da shi wanda yake yin kauri ya tashi amma bai wuce layin ɗinki ba, shi yakan kwanta da kansa a hankali. Bambance su aikin likita ne, in da hali likitan fata, tun kafin a sa rana. Ba lalle wannan ya hana tiyatar ba, amma zai iya canja yadda za a yi yankan, da abin da za a tanada bayansa, kamar filastar silikon da allurar sitiroyid da ake yi a cikin tabon. Abin da nake so ka riƙe shi ne kiloyid ba a yanke shi kawai a huta, yakan dawo, har ya fi na da. Don haka ka tambayi kanka tun yanzu: idan ƙirjin ya shafe amma tabon ya yi tudu, zan iya zama da shi? Mutane da yawa amsarsu e ce da gudu. Ina so dai taka ta zama amsar wanda ya sani.

Wani abu da ba a cika gaya wa masu duhun fata ba: kan nonon da aka dasa yakan yi ɓawo ya saɓule, ya fito da fari-fari ko ja-ja. Sau da yawa launin yana dawowa cikin watanni, wani lokaci ba ya dawowa duka, sai a cike da zanen tatu. Kada ka gani ka ce ya lalace.

Sigari kuwa babu wani "ba da yawa ba". Nikotin, sinadarin da ke cikin sigari, yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, shi kuwa kan nonon da aka ciro aka dasa ba shi da jijiyar kansa, yana rayuwa ne da abin da fatar ƙarƙashinsa ta ba shi har sababbin hanyoyin jini su tsiro. Ka tsuke su, dashen ya mutu, wani sashe ko duka. Ɗinki ma yakan ƙi kamawa. Likitoci kan ce a daina aƙalla mako huɗu kafin tiyata, wasu shida, a kuma ci gaba da ƙauracewa bayanta kamar haka, har akwai masu gwada fitsari su tabbatar. Shisha da sigarin lantarki da cingam ɗin nikotin duk ɗaya ne a wannan lissafi. Kai da aka ba wata guda, ko yau ka yar da karan da ke hannunka da ƙyar ka cika. Wannan kaɗai ya isa a ɗaga ranar.

Maganar ƙanwar mamanka. Tiyatar da kake so ba irin wadda ake yi wa mai kansa ba ce. A nan da gangan ake barin ɗan nama don ƙirjin ya yi siffa kada ya rafke, saboda haka haɗarin kansar mama yana raguwa amma ba ya ƙarewa. Ka bincika cikin hikima tana da shekara nawa ciwon ya same ta, da ko akwai wasu a dangi, ta wajen uwa ko ta uba, da suka yi kansar mama ko ta ƙwan mace. Akwai canjin ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2 da ke ɗaga haɗarin sosai. Idan tarihin gidanku ya nuna alama, likita zai iya neman a yi gwaji ko hoto kafin aiki, kuma sakamakon zai iya sa a cire naman fiye da yadda aka saba. Ka tambaya ko za a kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Bayan ka warke kuma, duk wani ƙullutu da ka ji a ƙirji ko hammata, ka kai a duba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da kake sha ka faɗa wa likitan da mai ba da maganin barci: asfirin da ibuprofen da ke sa jini ya ƙi tsayawa, magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari, giya ko wiwi in kana taɓawa. Haka ciwon suga, hawan jini, asma, sikila, ƙarancin jini, ko wani a gidanku da maganin barci ya taɓa ba shi wahala. Ba ka ce kana allurar testostiron, wato homon ɗin da ke fito da siffofin maza, ba. In kana yi ka faɗa, don yana iya sa jini ya yi kauri, za su so su auna. Kada ka tsayar ko ka fara da kanka. In ba ka yi, ba sharaɗi ba ne: ƙa'idojin WPATH, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan lafiyar masu sauya jinsi, bugu na 8 da ya fito a 2022, waɗanda likitoci da yawa ke bi, ba su wajabta shan homon kafin tiyatar ƙirji ba. Abin da suka nema shi ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ya zauna da kai ya tantance, ya tabbatar ka fahimci abin da za a yi da abin da ba ya dawowa. Kada ka ɗauki wannan zaman a matsayin shinge, ka yi amfani da shi.

Abin da ba ya dawowa kuwa, ga shi ƙarara. Idan an ciro kan nono an dasa, jin daɗin taɓawa irin na da yawanci ya tafi, ko da wani ji ya dawo daga baya. Shayarwa ma ta tafi, don an yanke hanyoyin ruwan nono. Wasu sassan ƙirjin za su yi dindiris na watanni, wani wurin har abada. Wasu kan buƙaci ƙaramin gyara daga baya, musamman fatar da kan tattaru a ƙarshen tabo wajen hammata. Ba don in tsorata ka na faɗa ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka, aka buga a 2023, ya tambayi mutum 139 da aka yi wa wannan tiyata shekaru bayan aikin, ya tarar gamsuwarsu tana da yawa ƙwarai, nadama kuma ƙasa ƙwarai. Sai dai a asibitin koyarwa aka yi musu, da tantancewa kafin aiki da bibiya bayansa, kuma ba duk waɗanda aka nema ne suka amsa ba. Irin wannan kulawar nake so ka samu.

Shi ya sa kafin alƙalamin nan ka riƙe abinka tukuna. Ka nemi ganin likitan ido da ido. Ka tabbatar da rajistarsa a hukumar likitocin ƙasar da yake aiki, da cewa ya ƙware a tiyatar gyaran jiki. Sau nawa ya yi irin wannan aikin? A ina zai yi, asibiti ne mai kayan ceto ko ɗaki ne a bayan ofis? Wa zai ba da maganin barci? Idan jini ya taru da dare, lambar wa za ka kira, kuma wa zai biya komawa ɗakin tiyata? Gyara yana cikin kuɗin ko daban ne? Wa ke iya ganin fayil ɗinka, kuma za a sa hotonka a intanet? Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya fi damuwa da kuɗin ajiya fiye da kunnenka, ka bar masa ranarsa.

Sauran shirin mai sauƙi ne. Riguna masu maɓalli a gaba, masu faɗi, don ba za ka iya sa ta wuya ba. Filo da yawa, saboda rigingine za ka kwana, kai a ɗage, na makonni. Duk abin da kake amfani da shi kullum ka sauko da shi daidai ƙugu. Za a gaya maka awa nawa za ka yi ba ci ba sha kafin aiki, ka bi daidai. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, ka nemi mai sassautawa tun a asibiti. Ka riƙa ɗan takawa a ɗaki tun ranar farko. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ja da zafi da ke yaɗuwa, mugunya, ciwo ko kumburi a tsokar bayan ƙwaurin ƙafa ɗaya, duk na kiran likita ne nan take. Numfashi ya yi wuya kuwa, asibiti kai tsaye.

Ka kuma gaya wa mai jinyarka wannan, don shi zai gani kafin kai: mutane da yawa ransu kan ɓaci a makonnin farko, har wanda ya yi shekaru yana jiran ranar. Gajiya ce da magani da rashin barci da zaman ɗaki. Wanda na yi jinya, ranar da aka fara kwance masa bandeji ya kalli madubi ya ga kumburi da shatar jini da kan nono baƙi ƙirin, bai ce komai ba har muka isa masauki. Sai bayan wata biyu, ranar da ya zura riga shara-shara ya fita ba tare da ya tsaya gaban madubi yana ja yana gyarawa ba, ya kira ni yana dariya. Tabo kan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya nuna kamanninsa na ƙarshe, a wannan lokacin kuma a kare shi daga rana. Idan baƙin ran ya wuce makonni bai sassauta ba, a gaya wa likita.

Kafin nan, haƙarƙarin da ke ciwo. Safe har dare ya yi yawa. Kada ɗaurin ya wuce awa takwas, kada ka kwana da shi, kada ka motsa jiki da shi, kuma ka rabu da bandeji mai naɗewa da salatif, don suna ƙara matsewa duk lokacin da ka ja numfashi. Ka samu rigar da aka ɗinka don wannan, daidai jikinka, ka riƙa ba ƙirjin ranar hutu. Ƙuraje ko sabon gyambo a wurin na iya sa a ɗaga tiyata, kuma huhun da za a sa wa maganin barci ana so ya buɗe sosai. Ciwon in ya ci gaba ka je a duba shi, kada ka jira tiyata ta magance.

A wannan makon ka kira likitan ka ce kana shan sigari, kana da tudu a kunne, akwai kansar mama a dangi, kuma kana so ya gan ka kafin a tsayar da rana. Ka saurari abin da zai ce da kyau, ka rubuto min shi, tare da labarin wanda zai raka ka.

Antinka